Umara da Juna Biyu: Abincin Hanya, Jirgi, da Zafin Makka

Daga shigowar Rajab har zuwa goman ƙarshe na Ramadan, filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba ya rabo da ayarin masu tafiya Umara, kuma mata ne suka fi yawa a cikin ayarin. A cikinsu akwai masu juna biyu. Wata cikin wata biyu ne, ko uwar mijinta ba ta sani ba tukuna. Wata kuwa ya kai wata bakwai, hijabi mai faɗi ne ya rufa mata asiri. A aikin Hajji akwai shinge: hukumar alhazai ta Najeriya tana sa a yi wa mata gwajin ciki kafin tashi, kuma ƙa'idojin lafiya na Saudiyya sun hana mai tsohon ciki da mai cikin da ke da matsala. Duk da haka kusan kowace shekara sai an ji labarin wadda ta haihu a Makka ko Madina. Umara ba ta da irin wannan shingen. Da an biya ejan, biza ta fito, an yanki tikiti, shi ke nan. Hukuncin ya rage tsakanin mace da mijinta, sai likita idan an tuna da shi.

Ba ina cewa mai ciki kada ta yi tafiya ba. Mata da yawa suna zuwa su dawo lafiya, su haihu lafiya. Abin da nake so mu warware shi ne inda haɗarin yake a zahiri, domin sau da yawa ba inda ake kallo yake ba.

Maganar da aka fi ji ita ce, "Ai cikina ya saba, ba abin da ban ci ba a gida." Akwai gaskiya a ciki, amma guntuwa ce. Hanjin mutum yakan saba da ƙwayoyin cutar garinsu, ba na garin wasu ba, kuma Makka wuri ne da mutanen ƙasashe sama da ɗari ke haɗuwa, kowa da irin tasa tsarabar da ba a gani. Sannan juna biyu kan sassauta wani ɓangare na garkuwar jiki, don kada jikin uwa ya ɗauki ɗan tayi a matsayin baƙon da za a kora. Wannan sassaucin shi ke buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyi ƙalilan da ke iya ratsa mabiyiya su isa ga jariri. Abin tsoro game da su shi ne uwar ba ta cika jin jiki ba. Ɗan zazzaɓi, ciwon gaɓɓai, kasala ta kwana biyu, ta ce gajiyar ɗawafi ce. Ɓarnar a ciki take faruwa.

Faranti mai sanyi

Babbar cikin waɗannan ƙwayoyin ita ce listeriya. Yawancin ƙwayoyin cutar abinci sukan daina hayayyafa idan aka sa su a firji. Ita wannan ko a jikinta, tana ci gaba da yaɗuwa a cikin sanyin, a hankali, kuma ba ta canza wa abinci ƙamshi ko ɗanɗano ko launi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan sau 10. Sakamakonta ɓari ne, ko haihuwar bakwaini, ko jariri ya zo babu rai, ko ya zo da sanƙarau.

Mafi girman ɓarkewarta da aka taɓa rubutawa a duniya a Afirka ta Kudu ta faru, daga 2017 zuwa 2018. An tabbatar da mutum sama da 1,000 sun kamu, fiye da 200 suka rasu, kuma kusan huɗu cikin kowane goma na waɗanda suka kamu jarirai ne sabbin haihuwa. Da aka bi sawu, sai aka gano tushen a wata masana'anta a garin Polokwane mai yin niƙaƙƙen naman nan da ake cusawa a leda, a yanka fale-fale a sa a burodi ba tare da an ɗora a wuta ba. Ba abincin bakin kwata ba ne. Daga babban kanti ake sayensa, a cikin firji mai fitila, da kwanan wata a jiki. A Amurka kuma, a 2011, shammam ne, wato ɗan'uwan kankana, daga wata gona a jihar Kolorado ya kashe mutum 33. Ƙwayar tana jikin ɓawo, wuƙa ta kai ta cikin tsoka, firji ya raine ta.

To, ki tuna teburin karin kumallo na otal ɗin da ke kallon Harami. A gefe ɗaya ga ful, wato dafaffen wake, yana tururi, ga dafaffen ƙwai, ga gurasa daga tanda. A ɗaya gefen, wanda aka fi ƙawatawa, ga yankakken nama mai sanyi da Larabawa ke kira martadella ko lanshon, ga cuku mai laushi iri-iri, ga kifi mai hayaƙi, ga kankana da shammam da aka yanka tun kafin kiran asalatu, ga haɗin latas da tumatir. Ido yakan tafi gefe na biyu, don shi ne ya yi kama da kuɗin da aka biya. Mai ciki kuwa gefen farko ne nata. Zafi na kashe listeriya, amma sai ya ratsa abincin har tsakiya yana tururi, wato kamar digiri 75 a ma'aunin Salshiyas. Ɗumi-ɗumi ba ya yi. 'Ya'yan itace kuma ta sayi guda, ta wanke, ta ɓare da hannunta: ayaba, lemo, tuffa, rumman. Dabino ba shi da wannan matsalar, sai dai mai ciwon sugan ciki ta san adadin da take ci, domin a Madina hannu ba ya gajiya da kai ajwa baki.

Madara da laban da yogot na kamfani, waɗanda ke cike da firjin kowane baƙala, wato shagon kayan masarufi, an riga an dafa su a masana'anta. Kalmar da ake nema a jikin kwali ita ce "mubastar". Inda ake samun matsala shi ne wajen ziyara. Direbobi sukan ratse da masu Umara zuwa garken raƙuma a hanyar Hudaibiyya, a tatso nono nan take, da kumfarsa da ɗuminsa, a miƙa a kwano. Mu da muka tashi da nonon shanu ba ma ganin komai a ciki, wasu ma suna sha ne da niyyar magani. Amma ɗanyen nonon raƙumi da na awaki shi ne babbar hanyar cutar burusela, wadda ta daɗe da zama a yankin Larabawa. Zazzaɓi ne mai zuwa yana komawa, da gumin dare da ciwon baya, kuma yana jawo ɓari. Ga shi maganin da ya fi cinta, doksisaikilin, ba a ba mai ciki. Bayan wannan akwai cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, da raƙuma ke yaɗawa, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su tashi ba. Mai ciki ta zauna a mota. In kwaɗayin ya matsa, a tafasa nonon sosai tukuna.

Nama sai ya dahu har ba sauran ja a tsakiya, saboda toksoplasma, wata ƙwaya da ke ɓuya a tsokar rago da akuya, ta kuma taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Mandi da kabsa da bukhari sun sha wuta, ba laifi idan da zafinsu. Shawarma ce abar lura, musamman bayan sallar isha'i lokacin da layi ya yi tsawo, mai yanka yana sauri har yana kai wuƙa inda wuta ba ta gama ci ba, ga kuma miyar tafarnuwa da wani lokaci da ɗanyen ƙwai ake haɗa ta. Ita toksoplasma a hanjin kyanwa take kammala rayuwarta, ta fito a kashin kyanwar, kuma duk wanda ya je Makka ya san yawan magen garin. Shafa mage ba shi ne matsalar ba. Ƙasar da ta yi bayan gida a ciki ce, da ganyen da ba a wanke ba, da hannun da bai ga sabulu ba.

Sai hanta. A gida ana cusa wa mai ciki hanta don ta ƙara jini, a can kuma kibda, wato hantar, abincin safe ne, daga Jidda har Alƙahira. Hanta tana da sinadarin ƙarin jini, gaskiya ne, amma tana ɗauke da bitamin A mai yawan da zai iya illata halittar jariri, musamman a wata ukun farko. Shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila ta ce mai ciki ta bar ta gaba ɗaya. Jan nama da wake da ƙwayar ƙarin jini ta asibiti sun wadatar. Gahawa da shayi kuwa ba a hana ba, iyaka aka sa: sinadarin kafin, mai hana barci, da ke ciki kada ya wuce miligiram 200 a yini, wato kamar kofi biyu na Nescafé ko kofi biyu zuwa uku na shayi. Goro ma yana cikin lissafin.

Tuwon gida a bakin titi

Bayan kwana uku ana cin shinkafar Larabawa, ran Bahaushe yakan nemi tuwo. Kuma akwai shi: 'yan'uwanmu mazauna can suna kawo tuwo da miyar kuka, da ɗanwake, da kunu, a unguwannin da mutanenmu ke sauka irin su Misfala. Mai laulayi ma wani lokaci shi kaɗai ne abin da zai zauna mata. Ba zan ce a guje shi ba, don tuwon da aka kwashe yanzu da miya tana tafasa ya fi sanyayyen naman babban otal aminci nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce yaushe aka sauke. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma kular da aka cika tun safe, ake buɗewa ana rufewa har la'asar, a nan take zaune. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A Makka zafin da bai kai 32 ba ai hutu ne.

Haka abincin sabil, wato na sadaka, da ake rabawa. Wanda aka rufe a masana'anta, kamar ruwa da madara da biskit, a duba kwanan wata a ci. Shinkafa da kaza idan ta zo da zafi a ci nan take. Abin da mata suka saba yi shi ne a karɓi biyu, a kai ɗaki, a ajiye ɗaya don sahur. Shinkafa na da wata ƙwaya da dahuwa ba ta kashe irinta, idan ta huce a ajiye sai ta fitar da guba, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. Almubazzaranci ba kyau, to maganinsa a karɓi iya wanda za a cinye.

Ruwa a Saudiyya da sauƙi: na gora a rufe, da Zamzam na cikin Harami da sabon kofi. Inda ruwa ke zama babbar magana shi ne ga wadda tafiyarta ta Indiya ce don jinya ko rakiya, ko Masar, ko Pakistan, ko Sudan. A can akwai ciwon hanta nau'in E, mai bin gurɓataccen ruwa. Ga yawancin mutane ciwon shawara ne na 'yan makonni ya wuce. Ga mai ciki a wata ukun ƙarshe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takan kashe har kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Mun ga haka kusa da gida a 2017, lokacin da ta ɓarke a yankin Diffa na Nijar, inda akasarin waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu. A irin waɗannan ƙasashe har ƙanƙarar da ake jefawa a lemo abar ƙi ce, don sanyi ba ya kashe ƙwayar, kuma ba wanda ya san da wane ruwa aka yi ta.

Idan duk da haka gudawa ta kama, abin gudu shi ne jakar magani ta abokiyar ɗaki. Kowace hajiya tana da tata, kuma da zuciya ɗaya take bayarwa. Kafson nan mai ja da rawaya, tetrasaikilin, yana ɓata haƙora da ƙashin jariri. Cipro ba a son ba mai ciki. Ibuprofen da danginsa na ciwon jiki ana guje musu, musamman daga mako na 20, saboda suna taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Farasitamol ne na zazzaɓi da ciwo. Abin da gudawa ke buƙata da farko ruwa ne: fakitin ORS a lita ɗaya, in babu, ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe, ba a tula ba, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Bushewar jiki tana tayar da ciwon mara irin na naƙuda. Idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko amai ya hana ruwa zama, to asibiti. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce, ta shawarar likita ta ma'aikatar lafiya kuma 937.

Akwai wata ɗabi'a da ba a cika faɗa ba, amma duk macen da ta yi Umara ta san ta. Banɗakunan Harami suna waje, da nisa, idan aka fita kuma wurin zama ya tafi, wataƙila ma a tarar an rufe ƙofa. Sai mace ta rage shan ruwa don ta riƙe alwala daga la'asar har isha'i. Mai ciki da mafitsararta a matse take, idan ta haɗa riƙe fitsari da ƙishirwa, ta gayyaci ciwon mafitsara, wanda kan haura ƙoda ya jawo naƙuda kafin lokaci. Fitsari ya kamata ya fito fari-fari. In ya yi ja kamar shayi, jiki na bin bashin ruwa.

Wane wata, wane jirgi

Lokacin da likitoci suka fi amincewa da tafiya shi ne tsakanin mako na 14 da na 28. Laulayi ya lafa, lokacin da ɓari ya fi yawa ya wuce, nauyi bai yi yawa ba. Yawancin kamfanonin jirgi suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗaukar wadda ta wuce mako 36, ko 32 idan tagwaye ne. Lissafin da ake mantawa shi ne na dawowa: wadda ta tashi a mako na 33 don goman ƙarshe, idan aka ɗage jirgi, tana iya maƙalewa a Jidda. Wadda take da hawan jini, ko zubar jini, ko mabiyiya ta sauko ƙasa, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko sikila, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, tata maganar daban ce, kuma galibi amsar ita ce a bari sai an sauka.

Jirgin kansa ba ya cutar da jariri. Zaman ne matsalar. Ciki yana ninka yiwuwar daskarewar jini a jijiyar ƙafa sau huɗu zuwa biyar, kuma duk tafiyar da ta haura awa huɗu tana ƙara shi. Kano zuwa Jidda ta haura, balle a bi ta Adis Ababa ko Alƙahira, sannan ga motar Makka zuwa Madina mai kusan kilomita 450. A nemi kujerar bakin hanya, a riƙa tashi ana takawa, a riƙa motsa idon sawu, a sa safar nan mai matse ƙafa ta asibiti, bel kuma a ɗaura shi ƙasan ciki. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, ba abin jira ba ne.

Allurar sanƙarau mai nau'i huɗu da Saudiyya ta wajabta, aƙalla kwana 10 kafin shiga, ba mai rayayyar ƙwaya ba ce, ana yi wa mai ciki, haka ta mura. Ta zazzaɓin shawara kuwa rayayya ce, ana guje mata a lokacin ciki sai da larura. Sauƙin da aka samu shi ne tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka tsohon katin nan mai ruwan ɗorawa yana nan da ƙarfinsa. Wadda ba ta taɓa yi ba ta gaya wa ma'aikacin lafiya tana da ciki kafin ya tsira allura. Nan ne ɓoye ciki ke fara yin ɓarna. Kunya da tsoron baki sun sa muna rufe zancen har sai ya fito da kansa, amma aƙalla mutum uku dole su sani: mai yin allura, jagoran tafiya, da wadda ake kwana ɗaki ɗaya da ita. Katin awo, da hoton ciki na ƙarshe, da rukunin jini su kasance a jakar hannu, ba a akwati ba. Kuma a daidaita tafiyar kada ta ci ranar shan Fansidar na awo, tunda sauron gida ya riga ya yi cizonsa kafin a tashi, zazzaɓin kuma yana iya bayyana a Madina inda likita ba zai fara tunaninsa ba sai an ce masa daga Najeriya ko Nijar aka zo.

Zafi kuwa, Hajjin 2024 ya isa misali: ma'auni ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu. Umarar sanyi ba ta kai nan ba, amma aikin ba ƙarami ba ne. Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita uku, bayan ɗawafi, wanda a benen sama ya fi tsawo sosai. Akwai keken turawa da ƙananan motoci masu lantarki, kuma ɗawafin da aka yi a kansu ɗawafi ne. Bayan tsakar dare ko hantsi kafin rana ta take sun fi sauƙi. Turmutsutsun Hajarul Aswad ba na mai ciki ba ne, nuni daga nesa ya isar. Azumi ma rangwame biyu ne suka haɗu a kanta, na matafiyi da na mai ciki, kuma duka biyun sun tabbata a shari'a.

Saura bayan an dawo, lokacin da ake ganin an tsallake. Listeriya tana iya kwanciya har kwana 70 kafin ta nuna kanta, burusela makonni ko watanni, ciwon hanta nau'in E mako biyu zuwa goma. Lokacin an gama rabon dabino da Zamzam da jallabiya, ba mai haɗa zazzaɓin yau da cukun da aka ci a otal wata biyu baya. Mai kemis zai ce maleriya ce ko taifot, ya ƙulla magani. Duk zazzaɓin da ya zo wa mai ciki a cikin wata uku da dawowa, ko ido ya yi rawaya, ko motsin yaro ya ragu, a tafi asibitin awo a ranar, kuma tun kafin a tambaya a faɗi ƙasar da aka je, da ranar dawowa, da ko an sha nonon raƙumi.